Wanda Ya Juya Kifi

"Nhan, fito mana da Baturen nan!" Masunta sai dukan ƙofa suke yi.

Oskar ya ƙanƙame jakar goyonsa a kicin. Shekaru yana yawon duniya da ita, sai a wannan ƙauyen bakin teku na Biyetnam ya ji zai huta, ya kama ɗaki a gidan Nhan da mijinta Luc. Shekaranjiya, a gaban maƙwabta, ya cinye gefen kifi ya juya ɗaya gefen. A gidan masunci ba a yin haka, wai jirgi ka kifar. Washegari Luc ya fita, teku kwance lumui, jirginsa bai dawo ba.

"Yaya, ki gaya musu mana," ya ce wa Nhan. "Ke kika ce in juya shi!"

Ta buɗe masa ƙofar baya. "Bi ta gonar kwakwa."

"Ke ma kin yarda ni na kashe shi?"

Ta naɗe hannun rigarta. Tabon duka da na ƙuna har kafaɗa.

"Ƙanena, tun da na shigo gidan nan nake juya kifi a ɓoye, kullum sai Luc ya dawo garau. Kifi ba ya nutsar da jirgi, sai huda. Baƙon da zai ɗauki laifin kawai nake jira."

Oskar ya arce. Nhan ta jiƙa idanunta da ruwa, ta buɗe ƙofar gaba, ta ƙwalla ihu: "Ga shi can, ya bi ta gonar kwakwa!"