Ruwan da Bai Yi Ja Ba

"Ya yi ja?" ya tambayi matarsa.

Tun da idonsa ya mutu, ita ke duba masa kwalabe a ɗakin bincike. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: ya hura wata iska daga tukunyar gas zuwa cikin ruwa mai sinadarin ƙarfe irin na jini, ruwan ya rikiɗe ya yi ja. Gobe zai ajiye aiki, ya miƙa makullin ɗakin.

Ta dubi kwalbar. Ruwan na nan kamar tsatsa, ashe iskar ta ƙare a tukunyar gas ɗin.

"Ja wur, Malam! Yaushe ka taɓa kuskure?"

"Madalla da tsohuwata," ya ce da murmushi, ya laluba ya rufe famfon iskar.

Bai gaya mata ba, kunnensa bai ji tashin kumfa ko ɗaya ba.