Kiran Ranar Asabar

Wayar ba ta gama ƙara ta farko ba Umma ta ɗauka, kamar dama a cinyarta take.

"Auta? Kai ne?"

"Ni ne, Umma. Ina wuni? Ya ƙafar?"

Kullum da ƙafar yake farawa. Ya lura idan ya tambayi ƙafar kafin komai, muryarta takan saki, hirar ta yi tsawo. Daga nan sai ta shiga zuba masa labarin gida: famfon banɗaki da ke ɗiga har yanzu, maƙwabciyar da ta ari dutsen guga ta maido shi a ƙone ba ko sannu, da Yaya da ke zuwa duk yamma ta auna mata jini tana faɗa kamar ita ta haife ta.

Auta ya san gidan nan ciki da bai, har tayil ɗin da ya fashe a bakin kicin. Amma duk sanda ya so ya hango shi da idonsa, sai ya ji kamar labarin wurin kawai aka ba shi. Shekarun da bai taka ƙofar ba sun yi yawa. Abin yana cinsa, ba ma kamar idan ta yi dariya ba.

"Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci," ya faɗa tun kafin ya yi tunani.

"Maƙaryaci. Har yanzu kiwon nan kake yi a kwamfuta?"

Haka take kiran aikin, kiwo. Ya sha yi mata bayani: ana ƙirƙirar ƙananan ƙwaƙwale masu ɗimbin yawa a cikin na'ura, kowacce da ɗan bambanci da 'yar'uwarta, a ba su aiki ɗaya. Waɗanda suka fi iyawa a haɗa su su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji halinsu, a sake gwadawa. A haka ake samun wadda ta gwanance ba tare da an koya mata komai ba.

"Waɗanda suka faɗi fa?" ta tambaya, kamar ba ta san amsar ba.

"Gogewa ake yi, Umma."

"Ji min mugu. Yaron da ko kyankyaso ya gani sai ya kira Yayarsa."

Ya yi dariya tare da ita, amma kalmar gogewa ta tsaya masa a rai, bai san dalili ba.

Sai ya ji numfashinta yana hawa da sauka, ya ji an rage ƙarar rediyo.

"Likita ya ce aiki za a yi min a zuciya," ta ce. "Ranar Laraba. Yayarka ta ce kada in gaya maka, wai kada hankalinka ya rabu biyu. Ni kuwa na ce ɗana ne, ba baƙo ba. Auta, ba kuɗi nake so ba, ba hoto ba. So nake idan na buɗe ido in gan ka. Idan kuma ban buɗe ba, ya zama kai na gani kafin in rufe."

Amsar tana nan a shirye a bakinsa. Aiki ya riƙe shi. Hutu bai fito ba. Da zarar an kammala wannan gwajin, in Allah ya yarda. Kalmomin sun yi santsi don yawan amfani, ya san inda zai sassauta murya, ya san inda zai ja numfashi. Ya kuma san za ta ce ba komai, Allah ya yi albarka, ta ajiye wayar ta yi kukanta ita kaɗai.

Ya buɗe baki zai faɗa, wani abu a cikinsa ya ƙi. Duk Asabar ɗin da ya lallashe ta da gobe, duk ranar da ta ce ta ajiye masa bargonsa, suka taru suka danne shi lokaci ɗaya.

"Umma, zan zo."

"Me ka ce?"

"Zan zo kafin Laraba. Ki yafe min. Na daɗe ina yi miki ƙarya."

Bai san kuka take yi ko dariya ba. Ya dai ji ta janye wayar daga bakinta tana ƙwala wa Yaya kira, tana cewa a buɗe ɗakin Auta ya sha iska, a fitar da kwalayen da aka jibge a kan gadonsa.

Wani sanyi ya ratsa shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Tikiti, ya ce a ransa. Jaka. Ya shiga laluben inda ya ajiye jakar, bai tuna ba. Yana cikin ƙoƙarin tuna ta wane gefe ƙofar ɗakinsa take, layin ya yanke.

A wani ofis mai nisa, ɗan da Umma ta haifa ya zare abin sauraro daga kunnensa, idanunsa jajir. Tun da ya fara kiwon muryoyin na'ura da ke kiran mahaifiyarsa a madadinsa, masu jin nauyin laifi su ne kullum suke tsallakewa, don da su ta fi daɗewa a waya. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sa wa wannan Autan na'urar da ya yi alkawarin zuwa alamar faɗuwa, ya goge shi, ya shiga duba wanne cikin sauran zai iya gaya mata ba zai samu zuwa ba.