Garmar Iyaka

Ranar da aka sauke tutar Turawa bai tsaya kallon biki a Sabon Birni ba. Dagi ya ɗauka ya nufi gona, ya hau tone turken ƙarfen da Ingila da Faransa suka kafa a tsakiyar geron ubansa, suka ce nan Najeriya ta ƙare.

Wansa ya riƙe masa hannu. "Bar shi, ƙanena. Mugun abu ne, amma shi kaɗai ke shaida wannan rabin namu ne."

"Haba Yaya, masu shi sun tafi! Yanzu gwamnati tamu ce. Maƙera za ni kai shi."

Maƙeri ya fitar masa da garma mai kyau, har maƙwabta suna zuwa aro.

Ba a daɗe ba jandarmomi suka zo daga ƙetare, suka ce gonar duka a ƙasarsu take. In yana musu, ya nuna alama.

Ya kai kuka garin Isa, aka ce maganar iyaka ta fi ƙarfin hakimi. Sakkwato ta ce sai Kaduna, Kaduna ta ce ta Ikko ce. A Ikko kuwa manya na can suna faɗa kan kujeru, babu wanda ya taɓa jin sunan ƙauyensu.

Wansa ya rasu bai taɓa yi masa gori ba.

Yanzu kowace damina yakan tsallaka ya yi ƙwadago a gonar ubansa, iyakar Najeriya na saɓe a kafaɗarsa. Ƙarfen kirki ne, har yau bai dakushe ba.