Birkin Dunduniya

Muntaka ɗan fawa ba shi da birki a kekensa. Tun shekarar da kuɗin sefa ya faɗi wayar birkin ta tsinke, ya ce ba zai sayi wata ba. In zai tsaya, sai ya miƙa ƙafar dama baya, ya danna dunduniyar takalmin roba a kan taya har ta yi ƙara. Aikinsa ɗaukar nama daga mayanka zuwa kasuwar Garoua, cinyar sa guda a ɗaure a baya, ta leƙo dama ta leƙo hagu.

Ni da nake ba ku labarin nan, na hau keke a garin nan tun kafin a haifi uban wasunku. Ban taɓa taka ƙofar lekol, wato makarantar boko, ba, amma na ga lokacin da aka rufe kasuwanni, na ga zuwan 'yan moto masu haya da babur, kuma har yau babu tabon kwalta ko ɗaya a jikina. Duk wanda yake musu ya zo unguwarmu Djamboutou ya duba.

A gangaren kasuwa akwai wata mararraba mai jan allo. Ban iya karatu ba, amma na san allon nan cewa yake a tsaya. Muntaka bai taɓa tsayawa ba. Hujjarsa ita ce keken da ya ɗauko nama in ya tsaya sai ya kife. A nan suke haɗuwa kusan kullum da Fulbert, direban wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, wanda shi ma bai san rage gudu ba. Abin dariyarsa shi ne ya matso kusa da mai keke, ya danna oda, ya ga mutum ya faɗa kwata.

"Sarkin kitse, kauce!" in ji Fulbert, kansa a waje. "Titi na masu biyan takarda ne!"

"Ubanka ne ya zuba kwaltar?" Muntaka ya mayar masa. "Naman da matarka Georgette za ta dafa ne a bayana, ka taka shi mu gani!"

'Yan kasuwa su yi ta shewa. Ni ban yi ba.

Na tare Muntaka na ce, "Ɗana, sa wa keken nan birki."

Ya ɗaga ƙafa ya bubbuga dunduniyar. "Baffa, wannan ta fi birkin Bature. Ba ta tsinkewa, ba ta tsatsa. Kuma in mun riƙa tsaya wa masu mota, gobe cewa za su yi mu bi ta cikin kwata."

Na tare Fulbert ma, na ce mai keke ba akuya ba ne. Ya yi dariya ya ce, "Papa, ai kaucewa suke yi. Kullum suna kaucewa."

To, ku da ba ku san fawa ba, ku ji. Daɓen mayanka kitse ne da jini. Duk mai keken nama ya san in ya fito sai ya tsaya a tulin yashin bakin ƙofa, ya murza takalmansa har santsin ya fita, sannan ya hau. Muntaka bai taɓa fashin wannan ba, don ya san ransa a dunduniyar nan yake.

Sai ranar jajiberin Sallah. An yanka shanu fiye da kullum, mahauta suna ta kiran sunansa, kowa yana son namansa ya riga na wani isa kasuwa. Ya ɗaura kaya, ya haye daga bakin ƙofa. Yashin yana nan, ya wuce shi.

Ina tsaye a gindin jan allon, ƙafata a ƙasa, na hango shi yana gangarowa. Na hango motar Fulbert ta taho daga dama. Wallahi a ranar Muntaka ya so ya tsaya, na ga fuskarsa. Ya danna dunduniya, ta zame. Ya sake dannawa, ta sake zamewa, taya tana ta gudu a ƙarƙashin kitse. Fulbert kuwa bai ɗaga ƙafa daga mai ba. Oda kawai ya danna, yana jiran a kauce kamar kullum.

Ba zan faɗa muku ƙarar da na ji ba.

Fulbert ne ya cicciɓi Muntaka da hannunsa, yana kuka yana cewa, "Ɗan'uwa, buɗe ido, ni ne!" A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa. Ta daman, wadda ba ta tsinkewa. Matarsa Salamatu ta yi Sallah a bakin gadon asibiti, yara suna gidan maƙwabta.

Yau Muntaka yana zaune a gefen teburin wani, yana kore wa nama ƙuda. Fulbert ya yi zaman gidan yari, an karɓe masa permi, takardarsa ta tuƙi. Da ya fito, keke ya saya. Rannan na ga wata tasi ta matse shi har ya faɗa kwata, ya tashi yana kakkaɓe wando, ya ɗaga kekensa ya wuce.

Direbobi, ku ji ni da kyau: ba za mu sauka daga titi ba. Ni nan, da furfurata, gobe ma zan hau, kuma ba mai korata gefe da oda. Amma ku ma 'yan keke, taurin kai ba ya tsayar da taya. Ku gyara birki, ku tsaya inda aka ce a tsaya. Dokar hanya ta hau kan mai mota da mai keke daidai wa daida, kuma duk wanda ya raina ta don ya kunyata wani, jikinsa ne ko jikin ɗan'uwansa zai biya.