Shinkafar Italiya a Hayyin Ashir

"Matsa daga kicin ɗin nan, yau Italiya za ta shigo gidanmu," na ce wa matata Ummukulthum.

Ɗanmu Ukasha, ɗan shekara biyu, ya shiga yajin cin abinci har ya fara ramewa. In an kai cokali bakinsa sai ya kau da kai kamar jami'in biza. Ni kuwa tuni na yanke hukunci: laifin girkin uwarsa ne. Yaron da aka haifa a nan Hayyin Ashir na birnin Alƙahira ina shi ina abincin ƙauye?

Na bi bidiyon wata Ba'italiya tiryan-tiryan. Shinkafa, tumatir, cuku, sai kayan ƙamshi cokali uku daga wata kwalba mai rubutun Turawa da na tsinta a kabad. Na tura a obin ya gasu. Da wani wari ya turnuƙe gidan, na yi mata bayanin cewa haka abincin masu kuɗi yake.

Ukasha ya cinye tas, har da lasar faranti.

Na gyara zama, na fara mata lacca a kan wayewa. Ta saurara da ladabi har na gama.

"Tamam, na ji, Abban Ukasha. Amma daga wace kwalba ka ɗiba?"

"Mai koren murfi."

"Ma'alish, yi haƙuri. Daddawar da Hajiyarka ta aiko ce na daka, na ɓoye a ciki. Ai tun ranar da ka hana ni sa ta a miya yaron nan ya daina ci."