Wasan da Nathan Ya Kasa Gamawa

Judith ta sake goge wani reshe na wasan.

Wasan labari ne na waya, irin wanda mutum ke karantawa ya zaɓi abin da jarumin, wani masunci, zai yi. Ita ta rubuta shi, kuma da can rassansa ne abin taƙamarta: idan masunci ya ɗauki fitila, kuma ya gaida tsohuwa, amma bai tsallake kogi ba, to ƙofa ta buɗe. Sharaɗi cikin sharaɗi, kamar tsummokaran da aka cusa a buhu. Yau ga taƙamar ta zame mata ƙarfen ƙafa.

Tun safe mijinta Nathan ke gwadawa. Da ya kai tsakiya sai zaɓi ya yi masa yawa, ya lumshe ido.

Kawunsa Tobiya ya leƙo daga tsakar gidan nasu na unguwar Barade. "Judith, mota na jira fa. In bai gama wasan nan ba, mun wuce garin Mutum Biyu da shi. Magana ya ƙare."

Ta sani sarai, in Nathan ya shiga motar nan, ta rasa shi ke nan.

Ta koma kan kwamfuta. Fitila da tsohuwa da kogi ta dunƙule su a sharaɗi guda: masunci ya shirya, ko bai shirya ba. Duk hanyar da ke zagayawa ta dawo wuri ɗaya, ta yanke ta. Kowane shafi ta bar masa zaɓi biyu, manya-manya, ɗaya dama, ɗaya hagu. Aikin da ta sha wahalar ƙawatawa ya koma tsirara, ko a jikinta.

Ta tura a waya, ta riƙe masa. Dangi suka cika ɗakin. Nathan ya danna dama. Can ya danna hagu. Ya kauce wa ramin kada, ya ɗauko taru. Judith ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

Shafin ƙarshe ya fito: masunci ya bi jirgin 'yan'uwansa, ko ya zauna gida da matarsa.

Ya danna zama.

Kawu Tobiya ya cire hula, ya sulale bakin gado. Shi ne tun farko ya rantse cewa tun ranar da babur ya kayar da mijin Judith babu sauran hankali a jikin nan, sai ɗan yatsa guda mai motsi a banza.