Zamzam a Cikin Lagireto

Teku ta ɓace a bayanmu, hanyar Yanbu ta kutsa cikin hamada, sai motar Baba ta fara tururi. Ya gangara gefen titi ya duba, ruwan lagireto ya ƙafe ƙaf. Namu na sha mun gama da shi tun a garin Rabig, ga rana tsaka, ba motar da ta tsaya.

Saura jarkar zamzam da ke kan cinyar Kaka. Da hannunta ta ɗebo shi a Harami don ƙanwarta da ke kwance ba lafiya a Yanbu.

"Inna, ki ba ni jarkar nan," in ji Baba.

"Zamzam a cikin ƙarfe? Kanka ɗaya kuwa, Sani?"

"Inna, dubi yaran nan."

Bai kai hannu ba. Ya tsaya a rana yana jiranta, gumi na ɗiga daga gemunsa. Jaririyarmu ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni kuwa harshena ya manne a ganda.

Can sai Kaka ta buɗe jarkar. Ta ba kowannenmu kurɓi, ta cika ƙaramin kofi ta riƙe wa ƙanwarta, sannan ta miƙa masa sauran.

"Yalla, maza karɓi. Amma ka fuskanci alƙibla, ka yi bismilla kafin ka zuba."

Haka ya yi. Motar ta tashi.

Har yau idan na bi hanyar nan, ba tekun nake tunawa ba. Tafin hannun Kaka nake gani a bakin kofin, tana tare shi a kowane gargada har Yanbu.